Gawarwakin Motocin da Baba Ya Tayar

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da iyalinka. Allah ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raya mana mai sunan Inna. Mun ga hotonta da kuka turo. Wannan goshin namu ne, ka ba uwarta haƙuri, babu abin da ta samu a jikin yarinyar sai kunnuwa. Mu ma nan muna godiya ga Allah. Inna na nan, ƙafar ce dai ke matsa mata in ta daɗe a tsaye, kuma ka san ba ta iya zama wuri ɗaya. 'Yan biyuna sun yi tsawo har sun fara kallona daga sama, hankali ne dai har yanzu muna jiran isowarsa. Ni kuwa ina nan ina fama da alli da 'ya'yan mutane kamar yadda ka bar ni.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar takarda daga wadda ko saƙon waya sai an roƙe ta take amsawa. Dalili shi ne in na kira ka ba za ka bari in kai ƙarshen magana ba, tun kana ƙarami haka kake, ni kuma a 'yan kwanakin nan ba na iya dogon zance sai murya ta karye. Saboda haka ka samu wuri ka zauna. Baba yana kwance a asibiti. Ƙirjin ne ya tashi, kuma wannan karon ba irin tashin da muka saba gani ba ne. Zan ba ka labarin tun daga tushe, don kada ka tsince shi guntu-guntu a bakin wasu ka ɗora laifi inda ba nan ne wurinsa ba.

Ka tuna lokacin da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce hayaƙin gareji ya cinye mafi yawan huhun, ɗan abin da ya rage a lallaɓa shi, kada ya sake kusantar injin da ke aiki. Kai ka fi kowa matsawa a rufe garejin, aka kuwa rufe. Abin da ba ka gani ba shi ne yadda zaman ya yi da shi. Mutumin da rana ba ta taɓa fitowa ta same shi a gida ba ya koma zaman benci a ƙofar gida, inuwa ta matsa ya matsa. Duk motar bas da ta wuce sai ya ɗaga hanci ya shaƙi bayanta, ya faɗi ciwonta, ya tsine wa hannun makanikin da ya taɓa ta. Ya kwance keken ɗinkin Inna ya mayar, alhali lafiyarsa lau. Ya kwance fankar ɗaki. Agogon bango ma bai tsira ba, har yau gudu yake yi. Abinci kuwa sai an yi faɗa. Tarin ya ragu, wannan gaskiya ne, amma shi ma Baban ya ragu, riga tana yawo a jikinsa. Mu dai muka ce tunda yana numfashi mun gode Allah.

Ana haka gwamnatin jiha ta tashi haiƙan kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ni ba ni da faɗa da wannan, kada ka ɗauka ƙorafi zan yi. Ni ke koyar da shi a aji, kuma ba sai na buɗe littafi ba: a zafin da ya wuce yara suna zubewa a kan benci ana yi musu fifita da kwali, ruwan sama ya ƙi zuwa lokacinsa, da ya zo kuma ya tafi da katangar makaranta. Sun sa mana farantan hasken rana a rufin azuzuwa muka huta da ƙarar janareta, sun binne babbar bolar bayan gari da kullum take cin wuta. Duk na yaba. Da aka zo kan motocin haya sai aka kira taro a babban zaure, direbobi da makanikai da masu motoci. Baba ya ce ko a ɗauke sai ya je. Na raka shi don kada ya ɓace mini a hanya ya ɓulla gareji.

Wata jami'a daga ma'aikatar muhalli ce ta yi bayani, yarinya ce kusan sa'arka, mai natsuwa, ba ta da ɗagawa. Ta ce hanyoyi uku ne a gaban jiha, kuma ba a so a zaɓa ba tare da an ji ta bakin masu abin ba. Ko dai a sa wa duk tsohuwar motar dizal haraji mai nauyi in za ta shiga tsakiyar gari, ko a hana su hawa titi gaba ɗaya daga wata rana da za a tsayar, ko kuma a yi musaya: mutum ya kawo tsohuwarsa a kashe injinta a gabansa, a ba shi gurbi a cikin sababbin motoci masu aiki da lantarki, ya riƙa tuƙawa har ta zama tasa. Ta faɗi amfanin kowace da illarta, ba ta ɓoye ba. Da ta ambaci haraji zauren ya ɗauki guna-guni, da ta ambaci hanawa wani ya tashi ya tambaya ko ita za ta riƙa ciyar masa da iyali. Sai ga Baba ya miƙe. Ya ce shi ba mai ilimi ba ne, amma in ana neman shaidar abin da hayaƙi ke yi, a saurari ƙirjinsa, ai har daga bayan zaure ana jin sa. Ya ce ta ukun ce mai tausayi, ita za a ɗauka. Aka yi ta tafi, ni har da ƙwalla don alfahari. Kafin a tashi jami'ar ta ce sharaɗi ɗaya ne, dole mota ta shigo filin da ƙafafunta, injinta na aiki, ba a ja ba, ba a tura ba, don a tabbatar hayaƙi ne na gaske aka cire daga kan titi. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni, don magana ce mai ma'ana.

Abin da ba a sani ba a ma'aikata, kai ka san shi tunda a cikinsa ka tashi: direba ba ya zubar da mota. In ta mutu sai ya ja ta bayan gida, ya cire tayoyi, ya ɗora ta kan duwatsu, ya ce wata rana. Shekara da shekaru tana nan, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujeru, matar gida na shanya a jikin madubi, ko me za ka ba shi ba zai sayar wa masu gwangwan ba, sai ka ce kabarin kakansa ne. To duk waɗannan gawarwakin sai suka wayi gari da daraja. In har za ta iya tari ta gangara daga bakin titi zuwa cikin fili, ta zama sabuwar mota. Auta, ban taɓa sanin garin nan na ɗauke da matattun motoci haka ba sai da na ga janwe na fito da su daga lungu-lungu, wata har da bishiya ta tsiro ta tagarta. Makanikan yanzu kuwa cire wannan sa wancan suka iya, kayan irin waɗannan injina kuma an daina yin su tun kafin a haife su. Mutum ɗaya ya rage a garin da zai iya haɗa matattun injina uku ya fitar da mai rai ɗaya, kuma yana zaune a kan benci a ƙofar gidanmu.

Mai Walda ne ya fara zuwa, aminin nan nasa mai jan ido. Ya ce ba aiki ya kawo ba, shawara kawai yake nema a kan motar ƙanensa. Baba ya ce wa Inna leƙawa kawai zai yi, daga nesa zai tsaya ya riƙa nuni da sanda. Ranar farko da sanda ya yi nunin. Washegari ya dawo da baƙin mai a farce. Ba a daɗe ba aka ɓalle kwaɗon garejin, layin motoci ya miƙe har ya sha kwana ya toshe wa mai sayar da katako ƙofa. Ka san garejin, bango ta gefe uku, rufin kwano a ƙasa-ƙasa, ga ramin da ake shiga ƙarƙashin mota. Injin da ya shekara da shekaru a kwance kuwa, in ya farka, sai ya amayar da duk abin da ya tara, baƙi wuluk da farko, sannan fari mai yaji, kuma dole a yi ta taka masa totur har ya saba, don in ya mutu a bakin ƙofar fili ba a karɓa. Na sayo masa takunkumi mai kyau, irin mai gwangwani a gefe. Ya karɓa ya yi godiya ya rataya a wuya. Ka manta yadda Baba ke aiki? Da hanci yake gane ciwon inji. Sai ya durƙusa a bayan salansa, ya tara tafin hannu ya ɗebo hayaƙin ya kai hanci, ya ce wannan baƙin mai take ci, wannan ruwa ne ke shiga, wannan man ne ya yi mata yawa. Ya ce sa masa takunkumi daidai yake da a ɗaure wa tela ido a ce ya yi ɗinki.

Abin da ya ɗaure mana hannu shi ne Baba ya dawo Baba. Ya koma cin abinci har da neman ƙari. Yana shigowa gida da waƙa a baki yana tsokanar Inna, yana kiran 'yan biyu da sunayen da ya laƙaba musu tun suna rarrafe. Manyan mutane masu furfura suna tsaye a ƙofar gareji suna jiran ya ɗago kai ya dube su. Inna ta ce mini ita ta rasa wanne za ta roƙa, miji mai dariya da tari ko miji mai shiru da numfashi. Ni ban rasa ba. Na ɗauke akwatin sifanoninsa na kai gidana na tura ƙarƙashin gado. Ko a jikinsa, ya ari na Mai Walda. Na je na sami Mai Walda na wanke shi tas, ban duba furfurarsa ba, ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, shi ma yanzu abin ya fi ƙarfinsa. Na kai ƙara wurin likita, likita ya kira shi ya yi masa faɗa sosai, Baba ya ce to, to, in Allah ya yarda, daga asibitin ya zarce gareji. Kullum tarin na ƙara zurfi, yana tafe yana tsayawa ya dafa bango kamar mai tunanin wani abu.

Sau ɗaya na bi shi filin da ake kashe injinan, don in ga abin da ake sayen ran ubana da shi. Wani fegi ne babba da aka kewaye da waya. Mota ta shigo, a duba lambarta, a tsiyaye mata baƙin mai, a ɗura mata wani ruwa mai yauƙi a madadinsa, sannan a tayar da ita a danne totur. Sai ta yi ta kuka tana karkarwa, muryar na sauyawa, har ƙarfen ciki ya kama juna ta yi shiru. Na ga ƙaton direba ya juya baya yana share ido da hula. Ma'aikatan wurin suka ce wa Baba su yanzu suna gane aikinsa ba sai an faɗa ba, don nasa injinan su ne masu taurin rai, sai an gaji da jira kafin su mutu. Ka ga yadda fuskarsa ta washe da jin haka? A hanyarmu ta dawowa ya ce mini tunda yake bai taɓa gyara abu don a kashe shi ba sai da tsufa, amma duk da haka ba zai iya yin aikin algus ba, hannunsa bai san yadda ake yi ba.

Labari dai ya kai ma'aikata. Wata rana da hantsi sai ga jami'ar nan a garejin, na same ta tsaye ta toshe hanci da gyale tana kallon layin gawarwakin. Ta tambayi Baba ko yaushe rabon waɗannan motoci da titi, shi kuwa ka san ba ya iya ƙarya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba ta tarihin mutuwar kowace. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ce ashe jiha hayaƙin da ya riga ya mutu take saye, masu motoci suna miƙa gawa suna riƙe da masu ran suna ci gaba da turnuƙe gari. Ba ta ga laifinsa ba, ta ce giɓin a tsarinsu yake. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta tambaya ko mahaifina ne, ta ce don Allah in fitar da shi daga wurin nan, ta ji numfashinsa tun daga bakin ƙofa. Na ce mata in tana da dabarar da ban gwada ba ta ba ni. Ba da jimawa ba aka yi sanarwa cewa daga ƙarshen wata ba za a sake karɓar mota ba sai wadda aka san tana aiki a kan hanya a shekarar da ta gabata. Gyara ne mai kyau, ko ni ce a kujerarta abin da zan yi ke nan. Amma wa'adin da aka sa ya zama kamar an watsa wa garin wuta, duk mai gawa a bayan gida ya ce sai tasa ta shiga kafin a rufe ƙofa, kuma duk a kan Baba suka faɗo.

Yanzu na zo inda ya fi yi mini ciwo. Ka san motar maigidana Baban 'yan biyu ta buga inji tun kafin ka tafi, tana nan bayan gidana a kan duwatsu kamar ta kowa. Tun daga lokacin tuƙin wasu yake karɓa, yau a samu gobe a rasa, kuma in sababbin motoci suka karɓe hanyoyin, wanda ba shi da gurbi ya tashi daga aiki ke nan. Tun farkon abin na sa shi ya yi mini alkawari ba zai kai wa Baba ita ba, ko da ita ce mota ta ƙarshe a duniya. Ina so ka riƙe wannan da kyau: bawan Allah nan ya cika alkawari. Ya kai ta wurin wasu makanikai, suka buɗe suka ga ruwa ya kwanta a cikin injin ya yi tsatsa, suka mayar suka rufe suka ba shi haƙuri. Ya dawo da ita, bai ƙara tayar da zancen ba, sai dai in gan shi zaune a tsakar gida ya zuba wa ƙasa ido. A bakin Mai Walda Baba ya ji. Ransa ya ɓaci ƙwarai, wai surukinsa ya ɗauki mota ya kai wa yara alhali yana raye. Ya bari sai da na tafi makaranta, maigidan ya tafi tasha, ya turo janwe aka ɗauke ta.

Baban 'yan biyu ya riga ni isa garejin. Ya durƙusa a bakin ramin ya roƙe shi ya bari, ya ce ya yafe gurbin, zai nemi wata sana'a. Baba ya ce masa ba don shi yake yi ba, don jikokinsa yake yi, in kunya ce ta dame shi ya koma gida ya rufe ƙofa. Da na iso ban yi sallama ba. Na ce masa duk abin da ke bakina, a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ni uba nake so, ba mota ba, in ya kashe kansa a kan wannan gwangwanin ko an ba mu sabuwar ba zan taɓa sa ƙafata a ciki ba. Ya fito daga ramin da ƙyar, ya zauna a kan taya yana haki, sai da numfashi ya dawo sannan ya amsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya tayar wa bare motoci ba iyaka, ba za a ce gidan 'yarsa kaɗai aka bari a baya ba. Ya ce kuma in daina yi masa kallon wanda ake cuta, zaman bencin da muka ba shi, shi ma ai ɗora shi muka yi a kan duwatsu muna cewa wata rana. Auta, sai na zauna a ƙasa cikin baƙin mai da kayan makarantata na yi ta kuka, shi kuma ya koma ramin.

Motar ta tashi ana gab da cikar wa'adin. Sai dai famfon manta ya gaji, in aka sake ta kaɗan sai ta mutu. Ka tuna irin motar, injin a ciki yake, gefen direba. Baba ya sa aka cire murfin, ya zauna a kansa da galan da ɗan tiyo yana ba ta mai da hannu, ɗaya hannun a kan wayar totur, maigidan na tuƙi. Salansar ta fashe, rabin hayaƙin cikin motar yake dawowa. An roƙe shi ya bar wani ya riƙe, ya ce ba wanda ya san ƙishinta sai shi. Ranar kuwa layin filin ya kai har gada, kowa ya zo, ga rana, kuma ba halin a kashe inji a huta don ba tabbas zai sake tashi. Haka suka yi ta matsawa taku-taku tun safe har rana ta karkata, yana zaune a cikin wannan turnuƙu. Baban 'yan biyu ya ce sau da yawa yana cewa su haƙura su fita daga layi, Baba sai dai ya nuna masa gaba da haɓa. Ta shiga da ƙafafunta, aka karɓa. Ya sauko ya tsaya ya ga an ɗura mata ruwan an tayar, sai kawai ya zauna a ƙasa, leɓɓansa suka yi baƙi. Maigidan ya saɓe shi a kafaɗa ya yi bakin titi da gudu. Ya ce har suka sami abin hawa suna jin kukan injin a bayansu, bai mutu ba tukuna.

Yanzu yana ɗakin masu ciwon ƙirji, gado na kusa da taga, an sa masa robar iska a fuska, ga tukunyar a gefensa. In ya cire ta don ya sha ruwa sai ka ga haƙarƙarinsa na fita da shiga kamar ya yi gudu. Inna na zaune a kan tabarma a gindin gadon, ta ƙi komawa gida ko wanka sai an yi da gaske. An ba Baban 'yan biyu gurbin, har an kira su koyon tuƙin sababbin, bai je ba. Yana nan a barandar asibiti daga safe har yamma, ya kasa shiga ya kasa tafiya, in na miƙa masa abinci ba ya iya haɗa ido da ni. Sababbin motocin sun fara bin titin gidanmu, ba ƙara ba hayaƙi, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, iskar unguwar ta fara sauyawa, shanya ma ba ta yin baƙi kamar da. Na yi ta neman wanda zan huce a kansa na rasa. Jami'ar gaskiya ta bi tun farko har ƙarshe. Direbobin abinci suke nema. Mai Walda kullum sai ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana hawaye kamar yaro. Da Baba nake fushi, fushi mai tsanani, kuma in na shiga na gan shi sai in ji kamar in cire nawa huhun in ba shi.

Jiya likitan ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce ɗan abin da ya rage wanda ya ce a lallaɓa, shi ne aka ƙone. Ya ce suna iya ƙoƙarinsu, rai kuma na Allah ne, amma ba ya jin Baba zai sake rabuwa da wannan robar, kuma in akwai wani na nesa da ya kamata ya gan shi, kada a jira a ga yadda hali zai yi. Ban gaya wa Inna ba, amma ina jin ta sani, don ta daina tambayata me likita ya ce. Na san halin da kake ciki a wurin aiki, na san hanya ba kusa ba ce, kuma ba don wani abu nake kiranka ba, magani da hidima duk muna yi. Kai nake so ka zo. Ka nemi izini, in sun hana ka taho haka nan, aiki ana samun wani.

Inna tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan takwararta. Gwaggo tana gaisuwa, da Kawu da mutanen gidansa, da Yaya Babba da ta zo jinya tun farkon kwanciyar. 'Yan biyu suna gaida kawunsu. Baban 'yan biyu ya ce in gaishe ka, in kuma roƙa masa gafararka, na ce masa babu abin da ya yi, amma ga shi na isar. Ka gaishe mini da ƙanwata uwargidanka da kyau, ka ce mata ta yi haƙuri za mu ɗauke mata kai na ɗan lokaci.

Baba bai aiko da gaisuwa ba, don bai san ina rubuta wannan ba, ya hana kowa ya gaya maka. Ɗazu da zan fito na tambaye shi, in Auta ya kira ya ce a ba shi Baba, me zan ce masa? Ya daɗe yana tara numfashi, sannan ya ɗaga robar da yatsa biyu ya ce in ce maka yana wurin aiki, hannunsa da mai, zai kira ka in ya wanke.

Kada ka jira kiran nan, Auta. Ka taho.

Wassalam.

Ni ce taka,
Yayarka, Maman 'yan biyu